Zaman Bayan Asuba

Maganar wannan wata ta shafi ɗan zaman nan da mutum ke yi shiru bayan sallar asuba, kafin shi ɗauki hauya ko sandar kiwo.

Hausawa sun ce da sanyin safiya ake kamun fara. Haka zuciya take. Da asuba tana kwance. In rana ta ɗaga, sai ta tashi zuwa ga bashi, da ɓarnar gona, da tsadar hatsi. Wanda bai kama ta da wuri ba, sai shi yini shina bin ta.

Wannan zama ba baƙon abu ba ne. Ya zo cikin hadisi cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, in ya gama sallar asuba yakan zamna wurin da ya yi salla har rana ta fito. Kowane musulmi ya san zikirin bayan salla: tasbihi 33, hamdala 33, kabbara 33. Masu ɗarika kuma suna da wuridinsu. Ga misalin Tijjaniyya, ɗarikar Shehu Ahmadu Tijjani, wanda ya rasu a birnin Fas na ƙasar Maroko a shekara ta 1815. Mabiyanta suna jan lazimi safe da yamma: istigfari 100, salatin Annabi 100, hailala 100. Na safe ana yin shi daga bayan asuba zuwa hantsi. Ba a ɗaukar shi sai da izinin muƙaddami, kuma in ya kuɓuce wa mutum sai shi rama. Abin lura a nan shi ne, ƙidayar ba ta da yawa. Ƙarfinta shi ne kullum ake yi.

Likitoci ma sun duba irin wannan zama. Wani likitan zuciya na ƙasar Amurka, mai suna Herbert Benson, ya auna mutane suna zamne shiru suna maimaita kalma guda. Ya tarar numfashinsu ya lafa, bugun zuciyarsu ya ragu, jiki ya saki. Ya fitar da littafi a kan haka a shekara ta 1975. A ganinsa abu biyu ke kawo wannan natsuwa. Na fari, maimaita kalma ko addu'a. Na biyu, in wani tunani ya shigo, kada mutum shi yi kokowa da shi, shi komo ga kalmarsa kawai. Minti 10 zuwa 20 sun isa.

To, yaya mai farawa zai yi?

Shi zaɓi wuri guda, ko masallaci ko tabarmarsa ta gida. Makiyayi na iya zama gefen garke kafin tatsa. Shi kashe rediyo, shi aje waya nesa. Shi zamna daidai, baya a miƙe, don jingina na kawo gyangyaɗi. Shi ja carbinsa sannu, shina jin abin da bakinsa ke faɗi, numfashi na shiga da fita ba gaggawa. Hankali zai gudu kasuwa, zai gudu gona. Wannan ba kasawa ba ce. Akuya ma takan ja igiya, mai ita shi jawo ta ba tare da duka ba. Ko sau goma hankali ya tafi, sau goma za a komo da shi. In ya gama, shi ɗan dakata shi tambayi kansa: mene ne babban aikina yau, kuma wa zan ba haƙuri?

Kada a fara da yawa. Wanda ya zamna awa guda yau, jibi zai bari. Minti goma kowace safiya sun fi. Da damina, lokacin shibka da noman fari, aiki na jiran mutum tun da duhu. A rage zaman, amma kada a yanke shi.

Wani zai ce, mi wannan zai ƙara wa rumbu? A duba. Da safe ne manomi ke tarar da sawun shanu cikin gonarsa. Da safe ne makiyayi ke tarar da an nome burtali. A wannan lokaci hannu na saurin kai wa ga sanda. Zaman asuba ba zai maida hatsin da aka cinye ba. Amma wanda ya saba riƙe hankalinsa kowace safiya ya fi iya riƙe shi a bakin gona, har shi nemi shaidu, a kai magana gaban maigari. Fushin minti ɗaya ya sha kai mutane gidan kaso, ya bar marayu.

Mata kuma su ne ke riga kowa tashi, ga daka, ga ɗibar ruwa, ga yara. Su ma suna bukatar wannan zama. Maigida na kirki ba ya ƙwala wa matarsa kira tana bisa tabarmar salla. Koko na iya jiran minti goma.

Sai gargaɗi guda. Wannan zama ba ya maye magani. Mai hawan jini kada shi bar shan ƙwayoyinsa. Wanda baƙin ciki ya hana shi barci da cin abinci kwana da kwanaki, a kai shi gidan likita.

Gobe da asuba a gwada, a riƙe har wata shi ƙare, sa'an nan kowa shi auna da kansa. Allah shi ba da ikon ɗorewa. Sai wata mai zuwa.