Mai ɗaukar majinyaci ma ya nuna takarda

'Yan'uwa makiyaya da fataken shanu, ba kowace mota mai jiniya ce motar asibiti ba. Mun sha ganin an ɗauko mai naƙuda daga rugagen Dakoro an nufi Maradi, ba ma'aikacin jinya, ba tukunyar iska, sai tabarma.

Don haka muna goyon bayan a hana 'yan kasuwa wannan sana'a sai da takardar izini. Kafin a sa hannu, hukuma ta duba lafiyar mota, ta ga shaidar ma'aikaci, a rubuta kuɗin tafiya. Amma kada a tsawwala kuɗin takardar, motocin su taru a birni, a bar mu da amalanke.

Garke ma sai da takardar rigakafi yake ƙetare iyaka, balle mai ɗaukar ran mutum.