Ofin Ruf Ɗinka Na Yoyo? Dakata, Kar Ka Bari A Liƙe Shi Da Gam

 Yau za mu ɗan ajiye maganar data da manhajoji mu leƙa mota, amma riƙe wayarka, domin da ita za ka yi rabin aikin.

Duk wanda ke bin hanyar Kura, Bunkure da Garun Malam ya san yadda abin yake. An girbe shinkafa, an sayar, kuɗi sun ɗan shigo, sai matashi ya ce shi ma bari ya ciro 'yar Kwatanonsa. Mafi yawa kuma mai gilashi a rufi ake so, wanda dillalai ke kira ofin ruf. Ko Accord ce, ko Camry Muscle, ko Lexus, ko C300 ta 'yan gayu, in dai da gilashin nan a sama to farashi ya ƙaru. Ana shan daɗi duk rani. Ruwan farko na sauka sai ka ga ɗigo daga wajen fitilar silin, ko ka taka kafet ka ji caɓal. Ka garzaya wajen fanel bita, ya ɗaga kai ya duba, ya ce maka, "Alhaji ai roba ce ta mutu, kawo kuɗin silikon mu liƙe shi gaba ɗaya ka huta."

Ra'ayina shi ne kar ka yarda. A mafi yawan lokuta robar ba ita ce mai laifi ba, kuma liƙewar nan tana ɓoye ciwo ne ba ta warkar da shi. Bari ka ji dalili.

Yadda aka ƙera abin

Robar da ta zagaye gilashin ba a yi ta don ta tare ruwa ɗari bisa ɗari ba. Masu ƙera motar sun san ruwa zai ratsa, don haka suka sa wani faranti mai kwararo a ƙarƙashin gilashin yana tare duk abin da ya shigo. A kusurwoyin farantin akwai ƙananan ramuka, yawanci huɗu, biyu gaba biyu baya. Kowane rami an jona masa siririn tiyo. Na gaba suna gangarawa ta cikin ginshiƙan da ke gefen gilashin gaba su fita ta bayan tayar gaba ko ta bakin ƙofa, na baya kuma su fita ta wajen tayar baya. Wato indararo ne, irin na soro, sai dai a ɓoye yake.

Mutumin Bunkure ba sai an yi masa dogon bayani ba. Ruwan da ake saki daga madatsar Tiga, wadda aka kammala a 1974, yana biyo babban kanal ya rarrabu zuwa ƙanana har ya shiga gona. In yashi da kacala suka toshe ƙaramin kanal, ruwan ba ya komawa Tiga, ambaliya yake yi ya shiga inda ba a gayyace shi ba. Manomi ba ya cewa a toshe bakin babban kanal, cewa yake a yashe. Haka farantin nan yake. In tiyo ya toshe, faranti ya cika, ruwa ya tumbatsa kan silin, daga nan ya bi ginshiƙi ya sauka ƙarƙashin kafet.

Me ya sa abin ya fi yawa a nan?

Motocin nan an ƙera su ne don titunan Amurka, Jamus da Japan. A nan kuwa daga Nuwamba zuwa Fabrairu ƙurar hunturu ce ke sauka a cikin kwararon kullum. Ƙara da jar ƙurar hanyoyin gona, da ƙaiƙayin shinkafa in kana ajiye mota kusa da injin casa a Kura, da ganye da 'ya'yan darbejiya in a inuwarta kake fakin. Sai zafin Maris zuwa Mayu, da yake haura digiri 40, ya busar da tiyo ya taurara, wani ma ya zame daga bakin ramin. Ruwan farko na zuwa ya kwaɓa ƙurar nan ta zama taɓo, ta toshe rami kamar an sa siminti. Kafin ruwan Agusta ya kankama motarka ta riga ta zama randa.

Gwajin da za ka yi da kanka

Abin da kake buƙata: wayarka, ledar fiya wata biyu ko uku, tishu, da mutum ɗaya da zai taimaka maka.

1. Ka ajiye motar a wuri mai daidai, busasshe, yadda za ka ga ɗigon ruwa a ƙasa. Ka buɗe gilashin har ƙarshe.

2. Kunna tocilar waya ka haska kusurwoyin gaba. Za ka ga ramin, bai wuce kaurin biro ba. In ba ka gan shi ba, to datti ne ya rufe shi. Share kwararon da jiƙaƙƙen tsumma, kar ka tura dattin cikin ramin.

3. Ka jingina wayar a ƙasa kusa da bayan tayar gaba, ka kunna bidiyo. Idan akwai waya ta biyu, a sa ta cikin mota tana kallon ginshiƙi da ƙasan dashbod.

4. Ka huda ledar ruwa ka zuba a hankali a kusurwa ɗaya, kamar kana zuba shayi. Rabin leda ya isa. Kusurwa ɗaya a lokaci guda, in ba haka ba ba za ka gane wace ce mai matsala ba.

Sakamako uku ne. In ruwan ya wuce nan da nan ya zubo ƙarƙashin mota, wannan tiyon lafiya lau. In ya tsaya cak a kwararon ko yana tafiya da ƙyar, tiyo ya toshe. In kuwa ya wuce da sauri amma bidiyo bai nuna komai a ƙasa ba, to wannan ce babbar matsala: tiyo ya cire ko ya tsage, ruwan yana zuba cikin motar ne. Taɓa kafet da tishu za ka tabbatar.

Ramukan baya ba a cika ganinsu ba, don gilashin yana rufe su in ya buɗe. Ka ɗan ɗora gaban motar a tudu yadda ruwa zai gangara baya, ka maimaita gwajin kana kallon wajen tayar baya da cikin but.

Wajen yashewa, ka nemi abu mai laushi mai lanƙwasa, kamar zaren roba mai kauri, ka zura a hankali kana juyawa. In ya cije kar ka tilasta. Kar ka sa wayar ƙarfe, za ta huda tiyo. Kar kuma ka je wajen mai faci ya buga maka iskar kwamfureso, ƙarfinta yana iya fizge tiyo daga mazauninsa a cikin rufi, ƙaramin aiki ya koma sai an sauke silin. Ka duba bakin fitar ruwan ta ƙasa ma, sau da yawa can taɓo ke taruwa, matsa shi da yatsa kawai ya wadatar.

In aikin ya kai ga ɓalle murfin ginshiƙi, tsaya nan. Motoci da yawa suna da jakar iska ta kariya a wannan wurin. Wannan aikin wanda ya san kan motar ne, kuma sai an cire batir.

Ba kowane ruwa ne na ofin ruf ba

Wannan shi ne dalili na biyu da ya sa nake adawa da liƙewa kafin bincike. Mutum zai biya a liƙe masa gilashi, ruwa ya ci gaba da shigowa, domin dama ba ta nan yake bi ba.

In ruwan yana taruwa a ƙafar mai zaman gaba ko da ba a yi ruwan sama ba, musamman bayan ka kunna AC, tiyon zubar da ruwan AC ne ya toshe. In ruwan yana da launi, yana da santsi da ɗan ƙamshi mai zaƙi, kuma ruwan lagireto yana raguwa, na'urar ɗumama ɗaki ce ke yoyo. In an taɓa canza gilashin gaba, ka zargi gam ɗin da aka sa. Akwai kuma kwararon da ke ƙarƙashin waifa, shi ma ganye na toshe shi, da ledar da ke cikin ƙofa wadda masu gyaran gilashin ƙofa ke yagewa su ƙi mayarwa.

Hanyar rarrabewa: rufe komai, mutum ɗaya ya zauna ciki da tocila, ɗaya ya riƙa zuba ruwa daga waje. A fara daga ƙasa a hau sama: gindin gilashin gaba, sai ƙofofi, sai saman gilashin gaba, rufi ne ƙarshe. Kowane wuri a ba shi 'yan mintuna. In ka fara da rufi ruwa zai jiƙa ko'ina ka rasa gane mafari. Ɗan barbaɗa hoda a inda kake zargi, ruwa zai bar sawu a kanta.

Sannan masu kai mota bakin kanal a wanke da injin ban ruwa, ku lura. Ruwan da tiyo mai inci biyu ko uku ke fesowa ya fi ƙarfin ramin da bai wuce biro ba. Ko sabuwar mota ce za ta iya ɗiga. Wannan ba hujja ba ce cewa gilashinka ya lalace.

"To ni ai ba na buɗe shi, me zai hana in liƙe?"

Na san masu wannan magana, kuma ba shirme suke faɗa ba. Da rana zafi, da hunturu ƙura, da damina ruwa, yaushe za a buɗe? Amma duba abin da ke biyo baya. Silikon ba ya daɗewa a irin girgizar hanyar gona. Bayan wani lokaci zai tsage ta wani gefe, ruwa ya ci gaba da shiga farantin da har yanzu tiyonsa a toshe yake, kai kuma yanzu ba ka da hanyar buɗewa ka share. In wani yaro ya danna maɓallin, motar jan gilashin ta yi ta kokawa da gam har ta ƙone ko haƙoranta su karye. Wani silikon ɗin mai warin tsami ma tsatsa yake jawo wa ƙarfe. Ranar sayarwa kuma, dillali na ganin gam a rufi zai zabge maka kuɗi.

Inda na yarda da liƙewa biyu ne. Na farko na wucin gadi: ruwa ya tsare ka, ka manna faffaɗan salatif a kan gefen gilashin har ka isa wajen gyara. Na biyu in farantin kansa ya fashe, an duba Ƙofar Ruwa ba a samu ba ko kuɗinsa ya fi ƙarfinka. A nan ma a cire fiyus ɗin gilashin tukuna, a yi aikin da gam irin na gilashin mota.

Abin da ya sa nake matsa wa maganar nan ba jiƙewar kujera ba ce. Ƙarƙashin kafet akwai soso mai kauri da ke riƙe ruwa makonni, sama kuma ka taɓa ka ji a bushe. A nan wayoyin mota suke bi, kuma a motoci da dama, musamman na Jamus, akwai ƙananan kwamfutoci a ƙarƙashin kujera ko kafet. Ruwa na taɓa su za ka fara ganin abin mamaki: fitilu na kamawa a dashbod, gilashi ya ƙi hawa, batir na mutuwa cikin dare. Daga nan sai zarya wajen mai wayarin, a canza wannan a canza wancan. Ga warin rima da funfuna da iyalinka za su riƙa shaƙa. Don haka in ruwa ya riga ya shiga, bayan gyara a ɗaga kafet a shanya soson a rana ya bushe sarai. In kana da 'yar na'urar OBD2 da ake jonawa da waya ta Bluetooth, ka duba ka ajiye hoton lambobin matsalar kafin ka je wajen gyara.

In yanzu za ka saya

Ka je da ledar ruwanka. Dillalin da ya ƙi yarda ka gwada, ya ba ka amsa ke nan. Shiga motar ka rufe ƙofa ka shinshina, turaren da ya yi yawa abin tambaya ne. Haska silin ka nemi tabon ruwa a kusurwoyi. Jawo bel har ƙarshe ka ga ko akwai tabo. Leƙa ƙarƙashin kujera ka duba tsatsa a kusoshi, ka ɗaga safaya taya ka duba ramin.

Sannan ka ɗauki hoton lambar VIN, mai haruffa da lambobi 17, tana gindin gilashin gaba ta gefen direba. Rubuta ta a Google. Motocin Amurka da yawa daga gwanjon Copart ko IAAI suka fito, kuma sau da yawa hotunansu na ranar gwanjo suna nan a intanet. Guguwa irin Harvey ta 2017 ta nutsar da ɗimbin motoci a Texas, kuma irin waɗannan motocin gwanjo ake kaiwa. Motar da ta sha ambaliya daban take da mai toshewar tiyo. Ta biyun gyaran rabin awa ce, ta farkon kuwa ka bar musu kayansu.

In kuma yawancin zirga-zirgarka hanyar gona ce, kuma ka san ba za ka riƙa kula da shi ba, gaskiya marar ofin ruf ta fi maka kwanciyar hankali. Wanda ya riga ya mallaka, sau biyu a shekara ya isa: a share kwararo a gwada da ruwa a watan Mayu kafin damina, a sake bayan ta ɗauke. Robar kuma a goge ta, a shafa mata man silikon, ban da baƙin mai ko basilin, don suna kumbura ta.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Ka yi gwajin nan tun hadari bai haɗo ba, ka kuma tura wa abokinka da ya ciro mota bana. Allah Ya tsare mana dukiyoyinmu, Ya ba mu damina mai albarka.