Filin Tarbiyya: Yarinyar Gwanar Gudu Ce, Burinta Kuma Malanta

  

A wannan wata za mu tsaya ne a kan wasiƙar wata 'yar'uwa da ta nemi a sakaya sunanta. Ta ce 'yarta tana aji biyar a sakandaren 'yan mata, kuma shekara biyu ke nan a jere ita ke zuwa ta ɗaya a gudun mita 400 a gasar gidajen makaranta. Yarinyar ta ce in ta gama tana son ta shiga kwalejin horar da malamai ta karanta ilimin motsa jiki da kiwon lafiya, domin ta dawo ta koyar da 'yan mata. Mahaifinta ya ce ɗiya mace ba ta dace da guje-guje ba, kakarta kuma ta ce wa zai auri 'yar tsere? Ita uwar ta rasa tudun dafawa, tana tsoron saɓa wa mijinta, tana kuma tsoron kashe wa 'yarta gwiwa.

'Yar'uwa, Allah Ya saka da alheri da kika nemi shawara kafin ki yanke hukunci. Bari mu fara rarrabe aya da tsakuwa, domin abu uku ne suka cakuɗe a cikin maganar nan: motsa jikin kansa, da yanayin da ake yin sa, da kuma burin zama malama.

Motsa jiki a addini

Abu Dawuda ya ruwaito cewa Uwar Muminai Nana A'isha (RA) ta yi tsere da Manzon Allah (SAW) a wata tafiya, lokacin tana da ƙuruciya ba ta yi jiki ba, ta kuwa tsere masa. Bayan wasu shekaru, da ta yi jiki, suka sake yin tseren ya tsere mata, ya yi mata raha da cewa ya rama. A ruwayar Imamu Ahmad an ƙara da cewa sai da ya umarci sahabbai suka yi gaba kafin su fara. To kin ga a hadisi ɗaya mun samu amsa biyu: gudu ba laifi ba ne ga ɗiya mace, amma ana kiyaye mata idon maza. Haka kuma a Sahihu Muslim an fifita mumini mai ƙarfi a kan mai rauni, tare da cewa kowannensu yana da alheri. Malamai sun ce asalin ƙarfin shi ne na imani, amma lafiyar jiki tana taimaka wa bawa wajen tsayuwar dare da azumi da aikin Hajji.

Ke nan damuwar maigidanki tana da tushe, sai dai matsalar ba a ƙafafun yarinyar take ba. Matsalar tana ga gajeren wando, da cakuɗuwa da maza, da tafiye-tafiyen gasa ba tare da muharrami ba. Waɗannan kuwa abubuwa ne da ake iya gyarawa.

Labarin Bilkisu

Akwai wata Musulma 'yar ƙasar Amurka mai suna Bilkisu Abdulƙadir, wadda a can suke rubuta sunanta Bilqis Abdul-Qaadir. An haife ta a shekarar 1990 a garin Springfield da ke jihar Massachusetts. Ba doguwa ba ce, ba ta ma kai ƙafa biyar da rabi ba, amma Allah Ya hore mata ƙwallon kwando. Tun tana sakandare take shiga fili da kanta a rufe, hannuwa da ƙafafu a rufe, wasu 'yan kallo suna yi mata ba'a, ba ta fasa ba. Kafin ta gama sakandare a 2009 ta tara maki 3,070, abin da babu wani ɗalibi, namiji ko mace, da ya taɓa tarawa a jihar kafin ita. A watan azumin wannan shekarar aka gayyace ta buɗa-baki a fadar shugaban Amurka, inda Barack Obama ya ambaci sunanta a cikin jawabinsa.

A ƙasar tasu akwai wani tsari da ya kamata mu fahimta. Jami'o'i suna ɗaukar nauyin karatun ɗalibin da ya gwanance a wasa, shi kuma ya buga wa makarantar, da sharaɗin kada makin karatunsa ya faɗi. Ta wannan ƙofa Bilkisu ta shiga Jami'ar Memphis. Sai ga jarrabawa ta farko: kafin a fara kakar wasa jijiyar gwiwarta ta tsinke, ta shafe shekararta ta farko ba ta buga ba. Da ƙwallo kaɗai ta dogara, da nan labarin ya ƙare. Amma ta riƙe littafinta, ta kammala digiri a fannin kimiyyar motsa jiki a 2013, sannan ta koma Jami'ar Indiana State ta ƙara buga shekara ɗaya, ta kuma yi digiri na biyu a can.

Jarrabawa ta biyu ta fi zafi. Da ta so ta fita ƙasashen waje ta buga wasan neman kuɗi, sai ta tarar da dokar hukumar ƙwallon kwando ta duniya, wato FIBA, wadda ta hana shiga fili da lulluɓin kai. Wannan doka ce ta sa 'yan wasan Ƙatar mata suka janye daga gasar ƙasashen Asiya a 2014. Aka ajiye wa Bilkisu zaɓi biyu: hijabi ko sana'ar da ta yi wa tanadi tun tana ƙarama. Ta zaɓi hijabinta. Ita da wasu suka yi ta fafutuka har hukumar ta soke dokar a 2017, amma kafin nan shekarun ganiyarta sun shuɗe a zaman jira. Me ya rufa mata asiri? Takardar karatunta. Ta zama malamar motsa jiki a wata makarantar Musulunci a birnin Memphis, ta kuma ci gaba da horar da 'yan mata Musulmi.

Ban kawo wannan labari don in ce duk abin da ake yi a Amurka ya dace da mu ba. Na kawo shi ne don mu ga cewa wasa abu ne mai gajeren kwana. Rauni ɗaya kan kawo ƙarshensa, doka ɗaya kan toshe shi, shekaru kuma dole su cim masa. Ita kanta hukumar wasannin jami'o'in Amurka, NCAA, tana faɗa wa ɗalibai cewa waɗanda ke samun zama ƙwararrun 'yan wasa a cikinsu ba su kai biyu cikin ɗari ba. Saboda haka yarinyar da ta ce gudun nan so take ya kai ta aji ta riƙe alli, wallahi ta yi tunanin manya. Ba a kan kofi ta ɗora rayuwarta ba, a kan ilimi ta ɗora.

Wa zai koyar da 'ya'yanmu mata?

Ga tambayar da nake so mu yi wa kanmu. Darasin motsa jiki da kiwon lafiya yana cikin manhajar firamare da ƙaramar sakandare, ko muna so ko ba ma so za a koyar da shi. Idan duk muka hana 'ya'yanmu mata karanta wannan fanni, wa zai tsaya a gaban 'yan matanmu da suka fara girma yana ce musu su durƙusa su miƙe? Namiji ne. Wa zai duba ƙafar yarinya in ta gurɗe? Namiji ne. Wa zai yi musu bayanin tsabtar jiki lokacin al'ada? Ko dai namiji, ko kuma a tsallake babin saboda kunya. Yadda muke kuka a asibiti muna neman likita mace da ungozoma, haka ya kamata mu nemi malama mace a wannan fanni. Ba zai yiwu mu ƙi shuka ba sannan mu zo muna neman girbi.

Kuma fannin ba tsalle-tsalle ne kawai ba. Ana karanta yadda sassan jikin ɗan Adam suke aiki, da abinci mai gina jiki, da taimakon farko ga wanda ya ji rauni ko ya suma, da hanyoyin kauce wa cututtuka masu yaɗuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar yaro ɗan shekara 5 zuwa 17 ya samu aƙalla minti 60 na motsa jiki a kowace rana, babba kuma aƙalla minti 150 a mako. Kakanninmu sun samu nasu a bakin turmi da dutsen niƙa da rijiya. Mu yanzu injin markaɗe ya karɓe, sai zama ya yi yawa, ga hawan jini da ciwon suga suna yi mana sallama tun ba mu tsufa ba. Macen da ta san wannan ilimi alheri ce ga gidan mijinta da unguwarsu baki ɗaya. Wannan ita ce amsar da za a ba kaka, cikin ladabi.

Malanta kuwa gadonmu ce. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, ta horar da jajoji ta tura su ƙauyuka suna karantar da mata 'yan'uwansu, abin da aka sani da 'Yan Taru. Ba zan ɓoye miki ba, albashin malami bai taka kara ya karya ba, wani lokacin ma sai an yi jira. Amma aiki ne da mace ke tashi da rana ta koma cikin 'ya'yanta, hutunta ya zo daidai da nasu, ga kuma ladan ilimi mai amfani da ba ya yankewa.

Abin da ya kamata ki yi

Na farko, ki fahimtar da yarinyar cewa nan ba Amurka ba ce. A ƙasarmu gudu kaɗai ba ya ba mutum gurbin karatu. Abin da ke buɗe ƙofar kwaleji shi ne sakamako mai kyau a jarrabawar WAEC ko NECO, don haka ta dage da Turanci da lissafi da darussan kimiyya. Ba a fafe gora ranar tafiya. Tun daga aji biyar ɗin nan za ta fara. Ki sa mata sharaɗi irin na jami'o'in can: in maki ya sauka, fili ya rufe.

Na biyu, ku san hanyar. Karatun NCE shekara uku ne, kuma ita ce mafi ƙarancin takardar da aka amince mutum ya koyar da ita a Nijeriya. A ciki akwai watannin da ɗaliba za ta fita gwajin koyarwa a wata makaranta, bayan ta gama kuma ta yi rajista da hukumar malamai ta ƙasa, wato TRCN. Daga nan tana iya ɗorawa zuwa digiri. Ku binciki kwalejin da ke kusa da gida wadda ke da wannan sashe, ku kuma nemi bayanin tallafin karatu na jiharku, da bashin karatu marar ruwa na NELFUND da gwamnatin tarayya ta fara bayarwa a 2024.

Na uku, sutura. Ki je makarantar da ƙafarki ki ga shugabar, ki nemi a bar 'yarki ta sa dogon wando mai yalwa da riga mai dogon hannu da ta rufe cinya, da hijabin da ba zai zame ba. Kada wani ya ce miki ba a gudu a haka. Ruƙayya Algasra ta ƙasar Baharen ta ci zinare a gudun mita 200 a gasar Asiya ta 2006 a birnin Doha, kanta a rufe. Duk gasar da za a cakuɗa da maza, ko a kwana a wani gari ba muharrami, ko ta ci lokacin salla, to a haƙura da ita. Yarinyar da burinta malanta ba ta yi asarar komai ba don ta bar irin wannan gasa. Islamiyya kuma ba a taɓa ta. In atisaye ya yi karo da hadda, atisaye ne zai matsa.

Na huɗu, maigida. Kada ki yi komai a bayan idonsa, kada kuma ki tare shi da maganar a gaban yara ko yana shigowa a gajiye. Ki jira ya ci ya huta, ki fara da nuna masa kin fahimci tsoronsa, sannan ki shimfiɗa masa sharuɗɗan nan ɗaya bayan ɗaya. Ki ce masa malama muke son mu samu, ba 'yar wasa ba. In da wani malami ko yayansa da yake jin maganarsa, a nemi ya sa baki. In ya amince, alhamdu lillahi. In ya ce malanta ya yarda amma a wani fannin, to a karɓa a yi godiya, yarinya ta ci gaba da motsa jikinta a cikin gida da cikin mata. In kuma miji ya fito kafin ta gama, a yi maganar ci gaba da karatu a fili tun kafin a ɗaura aure, a gaban waliyyai, domin kwalejojinmu cike suke da matan aure masu goyo.

Kafin in ajiye alƙalami, ina jan hankalin masu 'ya'ya maza, domin nan ne ɓarnar ta fi yawa. Yara nawa ne suka watsar da makaranta saboda mafarkin buga ƙwallo a Turai? Wasu iyayen har sukan sayar da fili ko ɗan kunne su miƙa wa wani da ya yi alkawarin fitar da yaro, daga nan ba a sake jin ɗuriyarsa. Kada ki kashe wa ɗanki sha'awarsa, amma ki ɗaure ta da littafi, ki kuma nuna masa cewa filin wasa yana buƙatar malami da mai horarwa da mai duba rauni, kuma duk da karatu ake zama su.

Allah Ya shirya mana zuri'a, Ya ba su ilimi mai amfani da lafiya mai ɗorewa, Ya sanya su zama sanyin idanunmu duniya da lahira. Sai mun haɗu a wata mai zuwa in Allah Ya kai mu. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.