Ƙyallin Fitsari da Sankarar Bakin Mahaifa: A Yi Maraba, Amma Kada a Saki Reshe

Duk ɗalibin da ya shiga ɗakin gwaje-gwaje ya san cewa akwai sinadaran da idan aka haska musu wani irin haske, sai su shanye shi, su mayar da wani mai launi dabam. Masanin nan ɗan asalin Ireland, George Stokes, shi ne ya bayyana wannan ƙyalli a 1852. To, ashe fitsarin ɗan'adam ma yana ɗauke da irin waɗannan sinadarai, kamar ribofilabin da fofirin. Da yake ƙwayoyin sankara suna sarrafa abinci ta hanyar da ta saɓa wa ta lafiyayyu, masu bincike a Indiya da Saudiyya sun gwada auna ƙyallin fitsari da na'ura, ko za a iya bambance mai ciwon da mai lafiya.

A ganina wannan bincike ya cancanci goyon baya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa sankarar bakin mahaifa ta kashe mata kimanin 350,000 a 2022, galibinsu a ƙasashe masu tasowa. A ƙasarmu kuwa, kunya da nisan asibiti kan hana mace zuwa a duba ta, har sai ciwo ya ci ƙarfinta. Ba da fitsari a kwalba ba ya buƙatar tuɓe zane.

Sai dai fa a yi hattara. Abinci, da magunguna, da yawan ruwan da aka sha, duk suna sauya ƙyallin fitsari. Wanda ya taɓa shan ƙwayar bitamin B ya ga yadda fitsarinsa ya koma rawaya. Saboda haka hanyar tana matakin bincike ne, ba ta maye gurbin gwajin Pap ko na ƙwayar cutar HPV ba, wadda ita ce ke haddasa ciwon.

Kada mu saki reshe mu kama ganye. Tun watan Oktoba na 2023 Nijeriya ta fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 allurar rigakafin HPV. Malamai su wayar da kan iyaye, ɗalibai kuma su ƙarfafa wa iyayensu mata zuwa gwaji. Mai sha'awar fiziks da kemistiri kuwa, ga fage nan yana jiran sa.