RA'AYINMU: INA GONAR MAKARANTA?

   

A wannan wata muna so mu jawo hankalin 'yan uwa, musamman shugabannin rassa da kwamitocin ilimi, zuwa ga wani darasi da yake rubuce a jadawalin makarantunmu amma ba a ganinsa a ƙasa, watau darasin aikin gona a ƙananan makarantun sakandare. Malami zai shiga aji da alli, ya zana hoton garma a allo, ya karanta wa yara sunayen ire-iren ƙasa da Turanci, su haddace, su rubuta jarrabawa, su ci. Amma a cikinsu akwai wanda zai gama aji uku bai taɓa tsiro da ƙwayar wake ɗaya da hannunsa ba, bai kuma iya bambanta gero da dawa kafin su fid da kai. Wannan ba a Ingila ba ne, a ƙasar da kakanninsa suka ciyar da kansu da fartanya ne.

Ba da wannan niyya aka kawo darasin ba. Manufar ilimi ta ƙasa ta 1977, da tsarin 6-3-3-4 da aka fara aiwatarwa a 1982, sun nufi yaron da ya kammala shekaru uku na ƙaramar sakandare ya fita da abin yi a hannunsa, ko ya ci gaba da karatu ko bai ci gaba ba. A shekarar 2025 ma Gwamnatin Tarayya ta sanar da sabuwar manhaja wadda ta sanya kiwo da noman lambu cikin sana'o'in da ɗalibi zai zaɓa. To, takarda dai ba ta taɓa yin ƙaranci ba. Abin da ya yi ƙaranci shi ne fili da ruwa da malamin da zai naɗe wandonsa. Dattawa da yawa suna tuna gonakin makarantunsu. A je a duba yau, a wurare da dama an yanka su filaye, ko an gina shaguna a kansu.

Ba za mu tsaya ga zargin hukuma ba, domin mu ma muna da makarantu, kuma lissafinsu yana wuyanmu. Mun tara taimako, mun gina azuzuwa da masallatai, alhamdu lillahi. Sai dai a yawancin wuraren mun cika fili da gini har bango ya haɗu da bango, ba mu bar wa itace ɗaya wurin tsayawa ba. A aji kuma muna karantar da babin zakka: cewa hatsi ba ya wajabta zakka sai ya kai wusuƙi biyar, watau sa'i 300, cewa abin da ruwan sama ya shayar ana fitar da ɗaya bisa goma, abin da aka shayar da wahala kuwa ɗaya bisa ashirin. Yaro zai kawo wannan da ka. Amma hikimar rangwamen da Shari'a ta yi wa mai ban-ruwa ba za ta zauna a zuciyarsa ba sai ranar da ya ja guga da rani ya shayar da fangali biyu na albasa. Haka nan muna karanta masu ƙissar Annabi Yusufu (AS) da shawarar da ya bayar ta adana hatsi a zangarniyarsa domin shekarun fari, alhali ɗalibin bai taɓa leƙa rumbu ba. Kuma ya inganta a Buhari da Muslim cewa abin da mutum ko tsuntsu ko dabba suka ci daga shukar Musulmi sadaka ce a gare shi. Ashe muna karantar da falalar aiki, sannan muna rufe ƙofar aikin.

Mun san abin da wasu iyaye za su ce: mun kai shi makaranta ne domin ya huta da fartanya. Wannan magana ba ta wasa ba ce, kuma mun fahimci inda ta fito, domin sun ga manomi yana shan rana shekara da shekaru bai wuce bashin taki ba. Sai dai akwai laifin makarantu a ciki. Tun da daɗewa an mayar da nome ciyawa horon mai makara da mai surutu. Yaron da aka saba miƙa masa fartanya a madadin bulala, yaya za a yi ya girma yana ganin darajarta? Wannan al'ada muna kira da a daina ta a makarantunmu ɗungurum. Wanda ya yi laifi a nemo masa wani horon.

Abin da muke nufi da gonar makaranta kuwa ɗakin bincike ne da ba shi da rufi. A ba yara ƙwayar iri 100 su jera a kan jiƙaƙƙen buhu, bayan mako guda su ƙirga nawa suka tsiro. Sun koyi lissafin kashi cikin ɗari, sun kuma koyi yadda ake gane mataccen iri kafin a yi asarar damina. A tuge wake ɗaya a nuna masu 'yan ƙulle-ƙullen da ke jikin saiwarsa, a bayyana masu cewa a cikinsu ne wasu ƙananan halittu suke kamo sinadarin naitirojin daga iska, wanda shi ne dalilin da ya sa iyayensu suke haɗa wake da gero tun kafin zuwan takin zamani. A nuna masu ƙuduji, yadda yake maƙale wa saiwar dawa yana tsotse ta, da yadda irinsa yake kwanciya a ƙasa fiye da shekara goma, domin su gane dalilin cire shi kafin ya zubar da iri. A kai su ƙarƙashin gawo, itacen da yake zubar da ganye da damina ya yi kore da rani, su auna da idonsu tsawon geron da ke gindinsa da wanda ke nesa. Gwangwani da abin awo sun isa a riƙa rubuta ruwan da ya sauka kowace rana. Duk wannan bai kai kuɗin fentin aji ɗaya ba.

Batun itatuwa da ruwa ya fi ƙarfin darasin jarrabawa. Waɗanda suka ga farin 1973 da na 1984 suna raye a cikinmu. Tafkin Chadi, wanda ya kai kimanin murabba'in kilomita 25,000 a farkon shekarun 1960, ya janye har ya koma ɗan kaɗan daga wancan. Amma a yankin Maraɗi, tun daga shekarun 1980, manoma suka koma barin tohon kututture a gona suna yi masa aski maimakon ƙone shi, abin da suke kira sassaben zamani, har miliyoyin kadada suka sake samun itatuwa a Jamhuriyar Nijar. Wannan ilimi ne da ɗan shekara 13 zai koya a yini ɗaya, ya kai gida. Ga Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru a Zariya, tana nan tun 1922. Makarantu nawa ne daga cikin namu suka taɓa neman ingantaccen iri daga can?

Sai dai mu yi gargaɗi tun da wuri. Gumin yara amana ne. Duk inda aka wayi gari amfanin gonar makaranta yana tafiya gidan shugaba ko na malami, to an koya wa yara ha'inci, kuma gara a ce ba a yi gonar ba. A buɗe littafi, ɗalibai da kansu su rubuta abin da aka kashe da abin da aka girbe, a karanta shi a gaban iyaye. Kada a bar yaro ya taɓa maganin feshi. A koya masu adana wake a buhun da ba ya shan iska, domin maganin ƙwari da ake zuba wa wake ne ya sa Tarayyar Turai ta hana shigar da waken Nijeriya a 2015, mu kuwa muka ci gaba da cinsa. Saboda halin tsaro, lambun ya kasance cikin katangar makaranta ko dab da ita. 'Yan mata kuma a ware masu nasu ɓangaren tare da malamansu mata, da kaji ko 'yan awaki, tun da kiwon gida sana'ar uwayensu ce ta asali.

Muna roƙon kowane reshe da yake da ƙaramar sakandare ya zauna kafin faɗuwar ruwa ya tantance filin da zai ware, ko da taku ashirin ne. Inda babu fili, a nemi wani ɗan uwa ya ba da aron gefen gonarsa, ko ya yi waƙafinta. Inda malamin darasin bai saba da ƙasa ba, a haɗa shi da dattijon manomi daga masallacin unguwa, a kuma ba dattijon ihsaninsa. Reshen da ya fara, ya aiko mana da bayanin abin da ya shuka da abin da ya samu, za mu buga shi a wannan shafi bayan kaka, in Allah Ya yarda.