Uwar yaro mai galahanga na bukatar hutu

Jama'a, a garuruwanmu na Ƙonni, Malbaza da Illela ba a rasa yaron da ya kai shekara 3 bai fara magana ba. Ana kiran sunansa, ba ya waiwayowa. Ba ya son haɗa ido da mutane. Ƙarar injin niƙa takan sa shi kururuwa. Wannan larura ita ake kira galahanga, likitoci kuma suna ce mata otizim. Akwai kuma yaron da ke magana sarai, amma ba ya iya zama wuri ɗaya. A lakkol ba ya natsuwa, a gida ba ya gama aikin da aka sa shi. Shi ma larura ce gare shi, ba rashin tarbiyya ba.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar 2021, cikin mutum 127 ana samun ɗaya mai galahanga. Ana haihuwar yaro da ita, kuma gado yana da hannu a ciki. Allurar rigakafi ba ta kawo ta. Ba laifin uwa ba ne.

To amma wa ke ɗauke da nauyin? Uwa ce. Bayan an cire amfanin gona, maigida ya tafi bida Najeriya ko Abijan, ko ya duƙufa a garkar albasa. Ita ce da daka, ita ce da ɗebo ruwa da itace, kuma idonta na kan yaron dare da rana, don irin waɗannan yara sukan fice daga gida ba a sani ba. A inda ake noman rani akwai rijiyoyi a buɗe da hanyoyin ruwa, sakaci kaɗan ya isa a rasa rai. Ba ta samun barci. Ta daina zuwa biki da suna saboda gorin mutane. Wasu na cewa ɗan ruwa ta haifa, wasu na cewa kishiya ce ta yi mata sammu. Macen da ta kai haka takan rame, ta riƙa kuka ita kaɗai, har ta kai ga dukan yaron ko ɗaure shi a turke, alhali tana son sa.

Ra'ayinmu shi ne, hutun uwa yana cikin maganin yaro. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Maigida, kafin ka tafi bida, ka tsara wanda zai riƙa karɓar matarka. Kaka, goggo ko maƙwabciya ta riƙe yaron daga azahar zuwa la'asar, uwar ta kwanta ko ta je kasuwa. In kana gari, kai ma ka ja shi a jiki. Kuɗin da ake zubarwa wajen boka, har a sayar da akuya ko buhun albasa, gara a rufe bakin rijiya da su, a gyara darni, a sa ƙyaure.

Ƴar'uwa, kada ki ɓoye ɗanki. Ki kai shi likitar garinku a duba shi. Tun shekarar 2006 gwamnati ta yanke a riƙa duba yara ƴan ƙasa da shekara 5 kyauta. In abin ya fi ƙarfinsu, sai su tura ki asibitin Ƙonni, na Galmi ko babban asibitin Tawa. A gwada kunnensa, don sanƙarau kan kurumtar da yaro ya kasa magana. In yana farfaɗiya, akwai ƙwayar da ke tsayar da ita. Galahanga kanta ba ta da allura ko ƙwayar da ke warkar da ita, amma yaro yana koyo. Ki riƙa yi masa magana gajera, ki nuna masa abin da hannu. Lokacin cin tuwo, wanka da barci ya zama iri ɗaya kullum, don sauyi yana tayar masa da hankali. In ya yi daidai, ki yaba masa nan take. Shi kuwa mai ƙiriniya, a ba shi aikin motsa jiki, kamar ba tumaki ruwa, ɗaya bayan ɗaya. In kin ji ranki ya ɓaci, ki miƙa shi ga wani ki fita ki sha iska.

Wani zai ce kowane gida da nasa wahalar, ina lokacin riƙe ɗan wani? Gaskiya ne. Amma matan ƙasar nan sun riga sun nuna hanya. Ƙungiyoyin Mata Masu Dubara, da aka fara a jihar Maraɗi a 1991, suna haɗuwa kowane mako don zubin kuɗi. Masu iya zubin dala suna iya zubin lokaci. Kowace ta ɗauki rabin yini a wata, uwar ta huta.

Limamai da masu gari, ku ma ku sa baki. Ku hana yara jifan irin wannan yaro, ku hana manya gorin uwarsa. Amanar Allah ce a hannun gari duka.