Fili ya yi tsada, magana ta baki ba ta isa ba

Ya kai mai karatu, in kana zaune a Maraɗi, ko Damagaram, ko Tawa, ko Yamai, ka gani da idonka: gonar da ake noman hatsi cikinta shekaru ashirin da suka wuce, yau unguwa ce. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Ƙidayar shekara ta 1988 ta samu mutum miliyan 7 da ƴan kai a Nijar. Ta 2001 ta samu miliyan 11, ta 2012 kuwa miliyan 17, kuma a lokacin Yamai kaɗai ta kai miliyan guda. Mutane na ƙaruwa, ƙasa ba ta ƙaruwa. Ga shi kuma ɗan kasuwa da ma'aikaci sun mai da fili asusu, su saya su ajiye har ya yi daraja. A farkon shekarun 2000 gwamnati ma da kanta ta biya wasu ma'aikata bashin albashinsu da filaye.

Da kuɗi suka shigo, sai rigima ta biyo su. Wadda ta fi ciwo ita ce ta gidan gado da gonar gado. Uba ya rasu, ba a raba ba, ana zaune cikin mutunci. Wani yana Kano, wani yana Agadas, mata suna gidan aure. Ran nan dillali ya zo wa babban wa da farashin da bai taɓa ji ba, shi kuwa ya sayar. Abin da ya sayar ba nasa ba ne shi kaɗai. Galibi ƴan'uwa mata ne ba a shawarta, alhali addini ya yanka musu rabonsu. Mai saye ya zuba bulo, ya yi ginshiƙi, sannan magada su taso. Shi ya yi asarar kuɗi, su sun yi asarar zumunci, kuma a ganina ta biyun ta fi wuyar mayarwa.

A da, shaidun unguwa sun isa. Amma shaidu suna tsufa, suna mutuwa, wani kuma ana sayensa. Shi ya sa dokar tsarin karkara ta ranar 2 ga watan Maris 1993 ta amince da mallaka ta gargajiya, ta kuma buɗe hanyar rubuta ta. Ita ta kafa hukumomin kula da filaye da ake kira Kofo. Yau akwai su a ƙauye, da kwamin, da gunduma. A ƙauye mai gari ne shugabanta. Nan za ka samu takardar shaidar gado, ko ta saye, ko ta kyauta, ko ta aro, ko ta jingina. Ka kula da biyun ƙarshe. Gona da yawa an ba da su aro ne, jikokin mai aro suka tashi suna ce da ita tasu, don babu abin da aka rubuta.

Cikin birni hanyar dabam ce. Bayan an yanka filaye, ma'aikatar magajin gari ce ke ba da takardar mallaka. Wadda ta fi ta ƙarfi ita ce babbar takardar da ake rajista a ofishin filaye na ƙasa. A shekara ta 2006 an fito da mai sauƙin samu, aka sa mata suna da Hausa: Sheda.

Kada ka ɗauka kowace takarda mai hatimi gaskiya ce. An sha ganin fili guda da takardu biyu. Kafin ka ba da ko dala, je ofishin da ya fitar da takardar, a buɗe rajista a gabanka. Karanta sunan da kanka, ka gwada shi da na katin mai sayarwa. Karanta lambar filin, ka je ka ga turakun iyaka. In na gado ne, nemi sa hannun magada duka, maza da mata. Wanda ya koyi karatu ya wuce a riƙe masa yatsa a dangwala inda bai sani ba.

Tambayi tsofaffin wurin inda ruwa ke bi. Ambaliyar 2020 a Yamai da ta 2024 a Maraɗi sun rushe gidaje masu yawa, fili mai araha kuwa sau da yawa a kwari yake.

In rigimar ta riga ta tashi, Kofo ba ta yanke hukunci. Mai gari ko sarki ake fara zuwa don sulhu. In an shirya, nemi a rubuta abin da aka shirya a kai, kowa ya sa hannu, ka riƙe kofinka. In ba a shirya ba, wannan ma a rubuta, don da takardar ne za ka je gaban alƙali.